Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin da Masar ta riƙe

A shekarar 1741 ne Allah ya yi wa Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi rasuwa a birnin Alƙahira, nesa da Katsina inda ya tashi. Larabawa sun fi saninsa da al-Kishnawi.

Ya yi karatu a ƙasar Hausa da Borno, kuma daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagirmi. Daga baya ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Hijaz, kafin ya yada zango a Masar.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne ilmin aufaƙi, wato hatimi, irin wanda duk wanda ya taɓa zama a tsangaya a Kazaure ko Roni ya sha gani a jikin allo.

Hatimi mafi sauƙi yana da gida tara. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimillar 15. Idan gidajen 25 ne, jimillar takan zama 65.

Cike gida tara ba wuya, yaro ma zai iya da lalube. Amma da zarar gidajen sun yi yawa, lalube ba ya kai mutum ko'ina. A nan ne aikin malamin ya yi fice. A littafinsa Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta da Larabci a wajajen 1732, ya shimfiɗa ƙa'idojin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce a riƙa ajiye lambobi bi da bi ana tsallake irin na doki a wasan darar shaɗaranji.

Gaskiya ne shi kansa bai raba wannan ilmi da sirrin haruffa da taurari ba, kamar yadda ɗaya littafin nasa, al-Durr al-Manzum, ya nuna. Wannan ne ma ya sa wasu ke ɗaukarsa malamin tsibbu kawai. Sai dai ƙa'idojin nasa lissafi ne tsantsa, kowa na iya gwada su da alƙalami.

A gidan Shehu Hasan al-Jabarti, masanin falaki, ya rasu, kuma a hannunsa ya bar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sanya Bakatsinen cikin malaman da ya ba da tarihinsu.

A 1973 Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta yi bayanin dabarunsa a littafinta Africa Counts, abin da ya kai sunansa azuzuwan lissafi a ƙasashen Yamma.