Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Wanda Ya Naɗa Aku Waziri

A wannan fitowa ta mujallar bango mun kawo muku tarihin marigayi Alhaji Abubakar Imam. Mun zaɓe shi ne don jarrabawa ta matso. Mu 'yan ƙaramar sakandare tamu tana tafe, yayyenmu kuma WAEC da NECO suna jiran su, kuma littattafansa sun sha shiga cikin waɗanda ake yi wa ɗaliban Hausa tambaya a kansu. Ga shi kuma ɗan jarida ne, wato kakan wannan ƙungiya tamu.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, don haka da karatun allo ya fara. Daga baya ya tafi Katsina inda yayansa Malam Bello Kagara yake, ya shiga makarantar boko. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ɗauke shi malami a Makarantar Midil ta Katsina yana koyar da Turanci. Ke nan ya iya Larabci, ya iya Turanci, ga Hausa a bakinsa. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

A 1933 wani Bature mai suna Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. A lokacin akwai waƙoƙi da yawa da malamai suka rubuta da ajami, amma littattafan ƙagaggun labarai da boko babu su. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa. Akwai Gandoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wa da ƙane duk sun shiga cikin biyar ɗin! Kuma lokacin Imam shekararsa 22 kacal.

Ruwan Bagaja labarin wani ne da ake kira Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, wanda ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A hanya yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, duk inda suka gamu sai ɗaya ya shirya wa ɗaya tsiya. To ga inda sanin tarihin marubuci yake da amfani. Ya ba tauraronsa sunansa na kansa, kuma ya ajiye gidansa a Kwantagora, yankin da aka haife shi. Wani abin lura kuma, tauraron nan ba waliyyi ba ne. Yana ƙarya, yana wayo, yana ramuwar gayya. Idan aka ce a bayyana halin Alhaji Imam a jarrabawa, ɗalibin da ya rubuta cewa jarumi ne mai haƙuri, ya tsaya a nan, rabin amsa ya bayar. Wanda ya ce jarumi ne mai cika alkawari amma kuma ɗan duniya ne, ya kawo wuri ɗaya da ya yaudari Zurƙe ya zama hujja, sannan ya ce marubucin ya yi haka ne don ya sa raha kada doguwar tafiyar ta gunduri mai karatu, wannan shi ya amsa tambaya.

East ya ga hazaƙarsa, sai ya nemi a ba da aron sa. A 1936 Imam ya je Zariya ya yi wata shida yana rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Mu da rubuta insha'i mai shafi ɗaya yake cinye mana darasi guda, abin ya ba mu mamaki.

Ga yadda ya yi aikin. Ba duka labaran ne ya ƙirƙira daga kansa ba. An tara masa littattafai na Larabci da na Turanci, ya karanta, ya ɗebo wasu labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Jamus, wasu daga na Indiya, ya haɗa da na gida. Larabcin nan da Turancin nan sun yi rana. Amma bai kwafe su yadda ya same su ba. Sai ya canza sunaye, ya canza garuruwa, ya sa sarki da fadawa da dogarai da alƙali, ya cika su da karin magana, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru.

Misali mafi kyau shi ne akun kansa. A wani tsohon littafin Indiya akwai aku mai ba wata mata labari kullum dare don ya hana ta fita bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki wannan dabara ya juya ta. A wurinsa Sarki Abdurrahman ne ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri yana ƙulla makirci don ya ci sarauta. Aku ne ya riƙa tsare Musa da labarai har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarko. Ya zama maganar gadon sarauta da cin amana, abin da Bahaushe ya sani sarai. A ƙarshe akun nan, wanda ba shi da takobi ba shi da doki, shi aka naɗa Waziri. A littafi na uku ma har yana koyar da ɗansa Fasih.

Malaminmu na Hausa yana yawan tuna mana cewa mai duba takarda ya riga ya san labarin, ba ya bukatar a sake ba shi. Ɗalibai da yawa idan aka tambaye su jigon littafi sai su kama labari tun daga haihuwar Musa, su cika shafi biyu, lokaci ya ƙare ba su taɓa jigon ba. Alhali a nan sunan littafin ma ya faɗi jigon. A fara da shi a layin farko, cewa iya magana dukiya ce. A kawo hujja, wato yadda aku ya ceci Musa da baki kawai da irin sakamakon da ya samu. Idan kuma zubi da tsari aka tambaya, a ce labari ne a cikin labari, babban yana riƙe da ƙananan, kuma a faɗi amfanin haka, mai karatu yana jin daɗin ƙaramin labari amma hankalinsa yana kan ko Musa zai fita. A ganinmu wannan sashe na faɗin amfani shi ne ya fi wuya, kuma shi ake yawan tsallakewa.

Mu koma kan rayuwarsa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta wajen shekara 12. A shekarar da aka fara ta Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, kuma ta cikinta mutanen Arewa da yawa suka riƙa sanin halin da ake ciki. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. Da ya dawo ya rubuta abin da ya gani a littafin Tafiya Mabuɗin Ilimi, wanda ya fito a 1944.

Bayan ya bar jarida ya zama ɗan majalisa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, bai kuma daina rubutu ba, har da littattafan tarihin Musulunci. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.