FADA JOSEPH MOHR (1792-1848): FIRIST MATALAUCI DA WAƘARSA TA ZAGA DUNIYA

Dattawanmu za su iya tuna zamanin da akwatin rediyo ɗaya kan tara unguwa guda a daren Kirsimati. Gidan rediyon ELWA na Laberiya, wanda aka buɗe a 1954, da Muryar Bishara, mai shirya shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Adis Ababa tsakanin 1963 da 1977, sun kawo wa ƙasar Hausa wa'azi da waƙoƙin haihuwar Mai Ceto. Mai gabatarwa kan yi 'yar nasiha, sa'an nan ya saki waƙa. Cikin waƙoƙin Kirsimati duka babu wadda ta kai Stille Nacht shahara, wadda Turawan Ingila ke kira Silent Night. Firist ɗin Katolika ne ya rubuta ta, kuma rayuwarsa ma wa'azi ce.

An haifi Joseph Mohr ran 11 ga Disamba, 1792, a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya ta yau. Mahaifiyarsa, Anna Schoiber, saƙa take yi ta ci abinci. Mahaifinsa soja ne da ya gudu daga aiki, ya bar ta da ciki, ba a kuwa ɗaura musu aure ba. Sunan haunin gari ne aka rubuta a matsayin uban baftismar yaron. A idon mutane, wannan yaro ba shi da gobe.

Amma Allah ba ya duba kamar yadda mutum ke dubawa. Wani firist mai kula da mawaƙan babbar majami'ar Salzburg, Johann Nepomuk Hiernle, ya lura da basirar yaron, ya ɗauki nauyin karatunsa. Da Joseph ya so shiga seminari, sai da aka nema masa izini na musamman, domin dokar Ikilisiya ta wancan zamani ta hana naɗa wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. An ba shi izinin, aka naɗa shi firist ran 21 ga Agusta, 1815.

Ya yi aiki a ƙauyen Mariapfarr, cikin duwatsu masu tsananin sanyi. A can ya rubuta baitoci shida na waƙar a 1816, shekarar da amfanin gona ya lalace a Turai, yunwa ta biyo bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon. A 1817 aka mai da shi Oberndorf, gari na bakin kogin Salzach. Mu mutanen Wudil mun san yadda kogi ke ciyar da gari. Mutanen Oberndorf da fiton gishiri suke rayuwa, ga shi kuwa an mai da kogin iyakar ƙasa a 1816, an raba su da 'yan'uwansu na Laufen da ke ƙetare. Ga irin waɗannan matalauta, masu zullumi, aka fara rera waƙar salama.

Ran 24 ga Disamba, 1818, Fada Mohr ya kai wa abokinsa Franz Xaver Gruber, malamin makaranta a Arnsdorf, baitocin, ya roƙe shi ya sa musu murya. A daren nan suka rera ta su biyu a majami'ar Nikolas Mai Tsarki, Fada yana kaɗa jita.

Waƙar ta yi tafiya, ta bar mai ita a baya. Wani mai gyaran kayan kiɗan majami'a, Karl Mauracher, ya kai ta yankin Tirol, mawaƙan can suka bi garuruwa da ita, har ta isa New York a 1839. Shi kuwa Fada Mohr ana ta sauya masa wurin aiki daga ƙauye zuwa ƙauye, har ya zauna a Wagrain a 1837. A can ya tsaya aka gina makaranta, ya kafa asusu domin 'ya'yan talakawa su sami karatu, ya tsara yadda za a kula da tsofaffi. Abin da ya shigo hannunsa, hannun mabukata yake wucewa. Ciwon huhu ya ɗauke shi ran 4 ga Disamba, 1848, yana da shekara 55, bai bar dukiya ba. A 1995 ne aka gano takardar waƙar da rubutun hannunsa, mai nuna shekarar 1816 da sunan Gruber. Yau ana rera ta cikin harsuna fiye da 300.

To, 'yan'uwa, a cikin Ikilisiyoyinmu akwai yara irin Joseph Mohr: waɗanda ake yi wa gori da laifin da ba su aikata ba, da waɗanda kuɗin makaranta ya mai da su gida. Da Fada Hiernle ya kau da kai, da duniya ta yi hasarar firist nagari, ta yi hasarar waƙar nan kuma. Kafin Kirsimati ta bana, bari kowace ƙungiya, ta maza da ta Zumuntar Mata da ta matasa, ta nemo yaro ɗaya da aka manta da shi, ta tsaya masa. Jaririn da muke yi wa waƙa, shi ma ba a sami masauki dominsa ba a Baitalami.

Ubangiji ya ba bawansa Joseph hutawa ta har abada. Amin.