James Lind

James Lind (an haife shi ranar 4 ga watan Oktoba 1716, ya mutu ranar 13 ga watan Yuli 1794) likita ne ɗan yankin Scotland wanda ya yi aiki da rundunar sojin ruwan Birtaniya. An fi saninsa da gwajin da ya gudanar a shekarar 1747 a cikin jirgin ruwan yaƙi mai suna HMS Salisbury, inda ya raba ma'aikatan jirgi 12 masu fama da cutar sikabi gida shida, ya ba kowane rukuni magani daban, sannan ya kwatanta yadda kowa ya ƙare. Ana lissafa wannan gwaji cikin na farko-farko a tarihin likitanci da aka kwatanta magunguna a kan marasa lafiya masu yanayi iri ɗaya a lokaci guda. Ya kuma yi rubutu kan tsaftar jiragen ruwa, zazzaɓin taifus da cututtukan ƙasashe masu zafi. Akwai wani likita daban mai suna James Lind (1736–1812) wanda ya zauna a Windsor, kuma akan rikita su biyun.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Lind a birnin Edinburgh, a gidan 'yan kasuwa. A shekarar 1731 ya fara koyon aiki a hannun George Langlands, wani likitan tiyata na birnin. A wancan zamani ana koyon tiyata ne kamar yadda ake koyon kowace sana'ar hannu, wato yaro ya zauna a ƙarƙashin maigida na wasu shekaru yana kallo yana taimakawa. A ƙarshen shekarun 1730 ya shiga rundunar sojin ruwa a matsayin mataimakin likitan jirgi. Aikin ya kai shi Tekun Bahar Rum, gaɓar tekun Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan. Zuwa shekarar 1747 ya zama likitan jirgin Salisbury, wanda ke sintiri a tekun da ke yamma da Faransa a lokacin da Birtaniya ke yaƙi da Faransa da Sifaniya.

Cutar sikabi a zamaninsa

Sikabi cuta ce da ƙarancin bitamin C ke kawowa. Jikin ɗan Adam ba ya iya samar da wannan bitamin da kansa, sai dai ya same shi daga abinci, musamman ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Idan mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku ba ya samu, sai kasala ta kama shi, dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su fara girgiɗi, tabo ya fito a fata, gaɓoɓi su yi ciwo, tsofaffin raunuka kuma su sake buɗewa. Idan ba a magance ta ba, takan yi kisa.

A ƙarni na 18 ba a san bitamin ba. Abincin ma'aikatan jirgi shi ne nama mai gishiri, busasshen biskit, wake da man shanu, kuma jirgi kan yi watanni bai tsaya a tashar da za a samu sabon abinci ba. A tafiyar da George Anson ya jagoranta ya zagaya duniya daga 1740 zuwa 1744, an rasa mutane fiye da 1,000, akasarinsu saboda cututtuka, kuma sikabi ce kan gaba.

Tun kafin Lind wasu sun lura da amfanin lemo. James Lancaster ya ba mutanen jirginsa ruwan lemon tsami a tafiyarsa ta 1601, John Woodall kuma ya ba da shawarar haka a littafin da ya wallafa a 1617. Matsalar ita ce lemo ɗaya ne kawai daga cikin magunguna masu yawa da ake yabawa. Wani likita ya ce ruwan kal, wani ya ce ruwan teku, wani ya ce asid, kowa kuma yana kafa hujja da abin da ya ce ya gani. Babu wanda ya jera su ya gwada a tare.

Gwajin 1747

Ranar 20 ga watan Mayu 1747, bayan jirgin ya yi kusan wata biyu a teku, Lind ya zaɓi mutum 12 waɗanda cutarsu ta yi kama da juna gwargwadon iko: dukkansu dasashinsu ya lalace, suna da tabo a fata, kasala da raunin gwiwoyi. Ya kwantar da su a wuri ɗaya a cikin jirgin, ya sa ana ba su abinci iri ɗaya. Daga nan ya raba su biyu-biyu, ya ƙara wa kowane rukuni abu ɗaya a kullum.

Rukunin farko ya samu giyar tuffa, kimanin lita ɗaya. Na biyu ya samu ɗigo 25 na wani haɗi mai asid ɗin farar wuta, sau uku a rana. Na uku ya samu cokali biyu na ruwan kal, sau uku a rana. Na huɗu ya sha ruwan teku, kimanin rubu'in lita. Na biyar ya ci lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya. Na shida kuma an ba shi wani kwaɓi da ya ƙunshi tafarnuwa, ƙwayar mustad da wasu saiwoyi da ƙaro, tare da ruwan sha'ir.

Lemon ya ƙare bayan kwana shida. Amma a cikin waɗannan kwanaki, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ci ya samu sauƙin da har ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya murmure sosai har aka sa shi jinyar sauran. Waɗanda suka sha giyar tuffa sun ɗan samu sauƙi. Sauran rukunai huɗun ba su nuna wani canji na a-zo-a-gani ba.

Muhimmancin gwajin yana cikin yadda aka tsara shi. Da yake cutar, wurin kwana, abinci da lokaci duk ɗaya ne, bambancin da aka gani a ƙarshe ya fi yiwuwa daga maganin ya fito. Duk da haka gwajin yana da rauni idan aka auna shi da ma'aunin yau. Mutum biyu a rukuni sun yi kaɗan matuƙa, Lind bai bayyana yadda ya yanke wanda zai samu wane magani ba, kuma shi da marasa lafiyar duk sun san abin da ake ba kowa. Wasu masana tarihi na baya-bayan nan sun kuma nuna cewa kundin jirgin Salisbury bai ambaci marasa lafiya da yawa a wannan tafiya ba, yayin da wasu suka amsa da cewa irin waɗannan kundaye ba su cika rubuta rashin lafiya yadda ya kamata ba.

Littafinsa kan sikabi

A 1748 Lind ya bar aikin jirgi ya koma Edinburgh, inda ya samu digirin likita daga jami'ar birnin, ya kuma fara duba marasa lafiya. A 1753 ya wallafa littafi mai suna A Treatise of the Scurvy, wanda ya sadaukar ga Anson. An sake buga shi a 1757 da 1772, an kuma fassara shi zuwa Faransanci. Wani babban ɓangare na littafin bita ce ta abin da marubutan da suka gabace shi suka faɗa kan cutar, inda ya jera su bisa tsarin shekaru, ya ware wanda ya rubuta abin da ya gani da ido daga wanda ya kwafo daga wasu. Saboda haka ake ganin littafin a matsayin ɗaya daga cikin misalan farko na tattara binciken baya a tace shi kafin a yanke hukunci.

Sai dai labarin gwajin bai wuce 'yan shafuka ba a cikin littafi mai shafi sama da 400, kuma Lind bai sa shi a matsayin babban saƙon littafin ba. Shi kansa bai ɗauki sikabi a matsayin cutar ƙarancin wani abu a abinci ba. Ya ɗauka cewa danshin iskar teku da sanyi ne ke toshe ƙofofin gumi, su haɗu da abinci mai wuyar narkewa, sai gurɓatattun abubuwa su taru a jiki. A fahimtarsa lemo yana aiki ne ta hanyar warware wannan toshewa, don haka ya ci gaba da ba da shawarar wasu magunguna da dama tare da shi.

Akwai kuma matsalar adanawa, domin ɗanyen lemo ba ya jure doguwar tafiya. Lind ya ba da shawarar a ɗora ruwan lemon a kan zafi na sa'o'i har ya yi kauri, sannan a zuba a kwalba. Zafi da daɗewar ajiya suna lalata bitamin C, kuma bai gwada wannan haɗi yadda ya gwada ɗanyen lemon ba. Da aka yi amfani da shi a wasu tafiye-tafiye bai yi tasiri sosai ba, abin da ya rage wa lemo daraja a idon hukuma. James Cook, wanda ya kare mutanensa daga sikabi ta hanyar tsafta da neman sabon abinci a duk inda ya tsaya, ya fi yaba ruwan tsiron sha'ir da kabejin da aka tsima, hukuma kuma ta daɗe tana bin wannan ra'ayi.

Asibitin Haslar

A 1758 aka naɗa Lind babban likitan asibitin sojin ruwa na Haslar da ke Gosport, kusa da Portsmouth a kudancin Ingila. Ya riƙe muƙamin shekara 25, ya duba dubban marasa lafiya, yana rubuta cutar kowa da yadda ta ƙare.

A nan ya mai da hankali kan taifus, zazzaɓi mai kisa wanda ya bambanta da taifod, kuma yake yaɗuwa a jirage, kurkuku da barikoki masu cunkoso. Ya lura cewa cutar tana bin tufafi da shimfiɗu masu datti. Ya nemi a riƙa yi wa sababbin ma'aikata wanka da aski, a ba su sababbin kaya, a turara tsofaffin, a kuma keɓe su na ɗan lokaci kafin su shiga jirgi. Sai a 1909 Charles Nicolle ya tabbatar cewa kwarkwata ce ke yaɗa cutar, abin da ya bayyana dalilin da ya sa matakan Lind suka yi aiki.

A 1757 ya riga ya wallafa littafi kan hanyoyin kiyaye lafiyar ma'aikatan jirgi. A 1768 ya fitar da wani kan cututtukan da ke kama Turawa a ƙasashe masu zafi, ciki har da gaɓar Afirka ta Yamma da ya taɓa ziyarta. Ya ba da shawarar jirage su tsaya nesa da fadamu, mutane su guji kwana a tudu a lokacin damina, a kuma yi amfani da ɓawon itacen sinkona, wanda daga baya aka fitar da kwinin daga cikinsa. Ya danganta zazzaɓin da gurɓatacciyar iskar fadama, domin sai a 1897 Ronald Ross ya nuna rawar da sauro ke takawa wajen yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Littafin ya daɗe ana amfani da shi, an kuma sake buga shi sau da yawa.

A farkon shekarun 1760 Lind ya nuna cewa idan aka tafasa ruwan teku aka tara tururinsa, ana samun ruwan sha marar gishiri, kuma ya ba da shawarar a riƙa yin haka a jirage da tukwanen girki.

Iyali da mutuwa

Lind ya auri Isabella Dickie. Ya yi ritaya a 1783, ɗansa John Lind ya gaje shi a muƙamin babban likitan Haslar. Ya mutu a Gosport ranar 13 ga watan Yuli 1794 yana da shekara 77, aka binne shi a cocin St Mary da ke Portchester.

Bayan mutuwarsa

A shekarar da ya mutu, jirgin HMS Suffolk ya yi tafiyar mako 23 zuwa Indiya ba tare da tsayawa ba, ana ba mutanensa ruwan lemon tsami kullum, kuma ya isa ba tare da ɓarkewar sikabi mai tsanani ba. A 1795, da ƙoƙarin likitoci irin su Gilbert Blane da matsin lambar kwamandojin jirage, hukumar sojin ruwa ta amince a riƙa raba ruwan lemon tsami. Wannan ya zo shekara 48 bayan gwajin Salisbury, shekara 42 bayan fitowar littafin. Cikin 'yan shekaru cutar ta ragu ƙwarai a rundunar.

Da yake har lokacin ba a san abin da ke cikin lemon da ke warkarwa ba, matsalar ta sake dawowa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka koma amfani da ƙaramin lemon tsami na tsibiran Karibiyan, wanda bitamin ɗinsa bai kai na wancan ba, kuma sikabi ta kama ayarin binciken da George Nares ya jagoranta zuwa yankin ƙanƙara na arewa a 1875. A 1907 Axel Holst da Theodor Frølich na ƙasar Norway suka nuna cewa ana iya haifar da cutar a jikin dabba ta hanyar abinci kawai. A 1932 aikin Albert Szent-Györgyi da na Charles Glen King ya tabbatar da sinadarin da ake kira bitamin C.

Tsarin kwatanta rukunan marasa lafiya ya ci gaba da inganta bayan Lind. A 1948 aka wallafa gwajin maganin sitireftomaisin kan tarin fuka a Birtaniya, wanda Austin Bradford Hill ya taimaka wajen tsarawa, inda aka yi amfani da ƙuri'a wajen raba marasa lafiya domin kada son ran likita ya shiga. Wannan ne ya zama ma'aunin gwajin magunguna na zamani.

Sunan Lind yana cikin sunayen da aka sassaƙa a jikin ginin makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Ƙungiyar James Lind Alliance, wadda aka kafa a 2004, tana haɗa marasa lafiya, masu jinya da ma'aikatan lafiya domin su zaɓi tambayoyin da ya kamata bincike ya fara amsawa. Ana kuma bikin ranar gwajin magunguna ta duniya a ranar 20 ga watan Mayu na kowace shekara, domin tunawa da ranar da ya fara gwajinsa.