Imamu Gazali: Malamin da Ya Binciki Zuciyarsa

An haifi Abu Hamid Muhammadu Algazali a shekarar 1058 a garin Ɗus, a ƙasar da ake kira Iran a yau. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai wani sufi, aminin mahaifin, ya riƙe shi tare da ƙanensa Ahmadu. Ya yi karatu a Naisabur wurin Imamu Juwaini. A shekarar 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda almajirai kimanin 300 suke zama gabansa.

Bayan shekara huɗu a kan wannan matsayi, sai ya zauna ya auna niyyarsa. Ya tarar ba don Allah yake koyarwa ba, son suna da girma ne suke jan ragamarsa. Ba kowane malami ne zai iya faɗa wa kansa wannan gaskiya ba, balle ya rubuta ta jama'a su karanta, kamar yadda shi ya yi daga baya a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. Ya yi wata shida yana kai-kawo: da safe ya ƙudura zai bar Bagadaza, da maraice ya fasa. Daga nan harshensa ya sarƙe, ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi. Likitoci suka ce ciwon daga zuci yake.

A ƙarshen 1095 ya rarraba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya fita da sunan aikin hajji. Ya zauna a Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya wuni shi kaɗai. Ya ziyarci Ƙudus, sannan ya sauke farali. A wannan tsakani ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa a zaure.

Duk da kaɗaicin da ya zaɓa, Gazali bai yarda mutum zai iya ganin aibinsa shi kaɗai ba. A cikin Ihya'u ya shawarci almajiri ya nemi malami mai basira ya nuna masa laifinsa, ko kuwa aboki mai gaskiya. In bai samu ba, ya saurari maƙiyansa, domin maƙiyi ba ya ɓoye aibi. Kuma duk halin da ya ƙi a wurin wani, ya duba ko yana tare da shi.

A 1106 ya koma koyarwa a Naisabur na ɗan lokaci, sannan ya dawo Ɗus yana tarbiyyar almajirai kusa da gidansa. A can ya rasu a watan Disamba na 1111, yana da shekara 53.