Alhaji Mamman Shata Katsina, Mahadi Mai Dogon Zamani

'Yan'uwa mazauna Kurmi, duk wanda ya taɓa zama a Sabon Ibadan ko Agege ya san yadda kalangun Shata ke sa baƙo kewar gida.

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, don ba gadonsu ba ce. Sai ya fara da tallar goro da alewa, amma daga bisani waƙa ta rinjaye shi.

Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake shirya ta a gaban jama'a. Saboda haka abin da Rediyon Kaduna da masu faifai da gidajen telebijin suka ɗauka shi ne gadon da ya bar mana, har da Bakandamiya. Abin da ba a ɗauka ba kuwa ya tafi ke nan.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

Duk mai tsohon kaset ɗinsa ya adana shi da kyau. Allah ya jiƙansa, amin.