Levi Coffin, ɗan kasuwa mai ɓoyon bayi

Ga labarin wani mai masauki na ƙasar Amurka.

An haifi Levi Coffin a 1798 cikin jihar Karolina ta Arewa, inda baƙar fata ke bauta a gonaki. Iyayensa Kiristoci ne ƴan ɗariƙar Kwaka, waɗanda sunka ƙi mallakar bawa. A 1824 ya auri Catharine, a 1826 sunka yi ƙaura zuwa Newport, cikin jihar Indiyana, inda babu bauta, ya buɗe kanti.

Garin yana bisa hanyar bayin da sunka gudo daga kudu, sunka ƙetare kogin Ohayo, suna neman Kanada. Doka ta hana a ba su masauki, iyayengijinsu kuma na biye da su. Duk da haka Coffin ya buɗe musu ƙofa. Catharine ke dafa abinci, da ita da matan garin ke ɗinka musu tufafi. In sun huta, sai a ɗauke su da dare cikin amalanken doki a kai su gida na gaba. Masu saye da yawa sunka ƙaurace wa kantinsa, bai fasa ba.

A 1839 ya gama gina gidan jan bulo mai ɗaki 8. A bene akwai lungu ƙarƙashin rufi, da ƴar ƙofa wadda ake jawo gado a rufe ta. A ɗakin ƙasa kuma akwai rijiya. Kun san da yawan ɗibar ruwa maƙwabci ke gane an yi baƙi. Rijiyar cikin gida ta rufe wannan asiri. Cikin shekara 20, fiye da mutum 1000 sunka bi ta hannunsu.

A 1847 ya koma birnin Sinsinati, yana sayar da auduga da sukari waɗanda ba bayi sunka noma ba. Can ma gidansa bai rabu da baƙin dare ba. An soke bauta a Amurka a 1865, yana raye. Ya rasu a 1877.

Garin Newport yanzu ana kiransa Fountain City. Jihar Indiyana ta sayi gidan a 1967, anka buɗe shi ga masu ziyara a 1970. Duk wanda ya taɓa sauka garin da bai san kowa ba, ya san darajar irin wannan ƙofa.