TARIHIN DORUGU, ƊAN ƘASAR DAMAGARAM

'Yan'uwa na gida da na ci-rani, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani maƙwabcinmu wanda ya sha wuyar baƙunci tun kafin a haifi kakanninmu. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, arewa maso yamma da Magarya. Ubansa Kwage makaɗi ne mai ɗan noma, uwarsa kuwa Kande. Yana yaro ƙarami mahara suka kama shi, aka kai shi Damagaram, aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu har Kukawa, birnin Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro mai suna Abbega.

Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da tafkin Cadi, sai abokinsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu. Suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato har Tumbutu. Daga baya suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855. Ku duba fa, yaro bai fi shekara 16 ba, ba uwa ba uba.

A Ingila ya zauna gidan wani mai wa'azin bishara, Schön, wanda ya daɗe yana neman sanin Hausa. Nan Dorugu ya koyi karatu, ya karɓi bangaskiyar Kirista, aka yi masa baftisma da suna James Henry. Ya riƙa ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin gida, Schön yana rubutawa. Da taimakonsa aka juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa: aka buga Bisharar Matta a 1857, Littafin Farawa kuma a 1858.

A cikin Farawa ne labarin Yusufu yake, yaron da aka sayar bawa zuwa Masar, Allah kuma ya mai da muguntar da aka yi masa ta zama ceton jama'a. Wanda ya taimaka aka sa wannan labari a bakinmu, shi kansa an saye shi an sayar. Mahara sun raba shi da iyaye da gona da gari, amma ba su raba shi da harshensa ba, da shi kuma ya yi wa Ubangiji aiki. Abin da Kirista ke dogara da shi ke nan cikin wahala: Allah ba ya barin bawansa, ko a ƙasar da ba a san sunan ubansa ba.

Dorugu ya komo ƙasar baƙar fata a 1864, ya yi aikin tafinta. Labaransa sun fito a littafin Magana Hausa a 1885. Da ya tsufa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, can kuma ya rasu a 1912.

To, ku 'yan Magarya da Dungas da ke Kano ko Legas kuna fama da kewa da rashi, wani ya riga ku bin wannan hanya da sawun bauta, bai kuwa yanke ƙauna ba. Dattawa kuma, don Allah a riƙa ba yara wannan labari. Allah ya ba mu haƙuri da salama, amin.